Gyaran Gidan Ƙasa Kafin Damina

Ana jan hankalin jama'a cewa rashin yaɓe ne ke rushe gidan ƙasa. Gidan Makama na Kano, wanda asalinsa tun zamanin Muhammadu Rumfa ne, gyara ya tsai da shi.

Wajibi ne maigida ya duba soronsa tun da rani. A share indararo, a sauya azarar da ta tsage. A kwaɓa ƙasa da ramno, a bar ta ta tsima kafin yaɓe, sa'an nan a shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Kada a lulluɓe katanga da siminti, gama yakan riƙe laima, tubali ya jiƙe, yaɓen ya ɓamɓare. Samari su riƙa zama wurin tsofaffin magina, domin da hannu ake gane kwaɓin da ya yi.