Fostin ɗin ƙauye: ku nemi rijistar rigakafi tun ranar farko

Yawancin ɗaliban jinya da na lafiyar al'umma, idan aka tura su fostin ɗin ƙauye, a bencin asibitin sha-ka-tafi suke ƙare makonninsu: gwajin hawan jini, rubuta kati, jiran oga ya sa hannu. Ni a ganina wannan asara ce, don aikin ciki dama an koye shi a babban asibiti. Ga wani aiki da rukunin mutum huɗu zai iya yi ba tare da kashe ko sisi ba.

Ku roƙi mai kula da rigakafi ya buɗe muku rijistar yara. Allurar Penta sau uku ake yin ta: a sati 6, sati 10 da sati 14 da haihuwa. Tana kare yaro daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo, wanda ya ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022 ya kuma ci rayukan yara da dama. Ku ƙirga waɗanda suka karɓi ta farko, ku ƙirga waɗanda suka kai ta uku. A ce 80 ne suka fara, 60 suka gama: ashirin sun ɓace a hanya, wato kashi 25 cikin ɗari. Duk abin da ya haura kashi 10, alama ce akwai matsala. To, waɗannan ashirin ɗin su ne aikinku.

Amma fa ba a faɗa wa gari haka kawai. A fara gaida mai unguwa ko dagaci, shi zai haɗa ku da ɗan rakiya. Samari, ku tuna yawancin gidajen ba-shiga ne. Mata su shiga wajen uwa, ku ku tsaya zaure da maigida, wanda sau tari shi ke da ta cewa. Kada ku raina ungozoma da wanzami. Babu jaririn da za a yi wa suna ba su sani ba, sun fi rijista sanin inda kowa ya koma.

In kun shiga, tambaya za ku fara yi, ba wa'azi ba. Wata za ta ce yaron ya kwana da zazzaɓi bayan ta farko, sai ta tsorata. Wata ta je ran da ba a yi, aka ce ta dawo. Wata kuma ba wanda ya gaya mata akwai saura. Kowace amsa da maganinta, kuma ku rubuta su, don nan ne rahotonku zai yi nauyi. Ku sanar da ita cewa zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne, sannan ba a sake farawa daga farko. Daga inda aka tsaya ake ɗorawa.

Tunda kun riga kun shiga gidan, ku riƙe tef ɗin awon damtse. Yaro daga wata 6 zuwa 59, in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, a tura shi asibiti a ranar.

Kafin ku tattara kayanku, ku sake buɗe rijistar ku ga nawa ne cikin ashirin ɗin suka dawo. Sunayen waɗanda suka rage ku damƙa wa mai kula da rigakafin, ya ba rukunin da zai biyo bayanku.