Ƙwarin Da Ke Cikin Rafi Da Abin Da Su Ke Gaya Wa Manomi

Yau za mu bar gonar tudu mu gangara bakin rafi, gama damina ta ɗauke, masu lambu sun fara gyaran fadama, kuma ruwan da ya rage a ƙoramu da tafkuna shi ne jarin kowa har wata damina.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana, wani abu ne da na gani ran da na fita rangadi wajen 'Yargoje, cikin ƙasar Ƙanƙara. Na tarad da wani dattijo mai lambun tumatir ya gama feshi, ya tsuguna bakin ƙorama yana ɗauraye famfonsa, yana juye ruwan ɗaurayar cikin ƙoramar. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, ashe ba ka tausayin ma'aikatanka?"

Ya ce, "Waɗanne ma'aikata, Malam? Daga ni sai 'ya'yana biyu a lambun nan."

Na ce, "Akwai waɗansu a ƙarƙashin duwatsun nan, dare da rana suna yi maka aiki, ba ka biyansu ko anini."

Muka hau sama kaɗan da inda ya zuba maganin, na ɗago wani dutse na juya shi. Sai ga 'yan halittu suna gudu a jikinsa, waɗansu kuma sun manne. Dattijo ya duba, ya ce, "Malam, ai ni duk abin da ke motsi cikin ruwa tsutsar sauro na ke ce masa." To, na san ba shi kaɗai ke da wannan zato ba, don haka bari mu bi abin daki daki.

SANA'O'IN CIKIN RUWA

Da yawa daga ƙwarin da mu ke gani suna tashi sama, cikin ruwa su ke yin ƙuruciyarsu. Uwar ta kan saka ƙwai a ruwa, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su zauna can makonni ko watanni, sa'an nan su fito su yi fiffike. Rafi kamar gari ne, kowa da sana'arsa.

Na farko akwai masu shara. Cikinsu akwai wani ɗan ƙwaro mai wutsiya uku sirara kamar gashi, tsawonsa bai cika kai rabin inci ba. A gefen cikinsa akwai waɗansu 'yan ganyaye da ya ke kaɗawa, da su ya ke numfashi. Abincinsa gansakukar da ke jikin dutse da ruɓaɓɓen ganye. In ya yi fiffike ba ya cin kome, kwana ɗaya ko biyu ya ke yi ya saka ƙwai ya mutu. Akwai kuma wata tsutsa mai gina wa kanta gida da yashi ko 'yan tsinkaye, ta haɗa su da zaren da ke fita daga bakinta. Waɗannan, da ƙaguwa, da irinsu, su ke cinye ganye da dattin da ke faɗawa ruwa kafin ya ruɓe ya yi wari.

Na biyu akwai mafarauta. Babbansu shi ne ɗan mazari. Mazarin nan da yara ke bi a bakin tafki, ɗansa ba shi da fiffike, launinsa kamar na laka, ya kan laɓe cikin ciyawa. Leɓensa na ƙasa dogo ne, a naɗe ya ke ƙarƙashin kansa, in abinci ya gifta sai ya miƙa shi farat ɗaya ya cafke. Tsutsar sauro na cikin abincinsa, kuma in ya girma ya tashi, sauron ma ya kan kama shi a sama. Sai buzuzun ruwa, baƙi mai santsi, da wani ƙwaro mai iyo a rigingine, dukansu suna cin tsutsar sauro. Akwai ma wani babban ƙwaron ruwa mai faɗin baya wanda katantanwa ce abincinsa.

Na uku, duk waɗannan abincin waɗansu ne. 'Ya'yan karfasa da tarwaɗa da su su ke girma, haka kwaɗi da tsuntsayen bakin ruwa. Ruwan da ba ƙwari, kada a sa ran kifi a cikinsa.

YADDA A KE KARANTA RUWA

Akwai iskar numfashi narke cikin ruwa, kamar yadda gishiri ke narkewa cikin miya. Ruwa mai gudu a kan duwatsu yana da ita da yawa. Ruwan da ya tsaya, ya yi zafi, aka cika shi da kashin shanu ko takin zamanin da ya zurare daga gona, iskarsa ta kan ragu. Dalili kuwa, taki na sa gansakuka ta yi yawa, da dare ta sha iskar, in ta mutu kuma ruɓewarta ta ƙara shanye saura. Shi ya sa a irin wannan tafki za ka ga kifi ya taso sama da asuba yana haki.

To, ba duk ƙwari ke jure rashin iska daidai ba. Mai wutsiya uku da mai gidan yashi su ke fara ɓacewa. Ɗan mazari da buzuzun ruwa suna da ɗan haƙuri. Masu jurewa ƙwarai su ne wata jar tsutsa siririya da ke cikin laka, wadda jininta ke riƙe iska kamar namu, da wata farar tsutsa mai doguwar wutsiya irin ta ɓera, wadda ke miƙa wutsiyar sama ta shaƙi iskar waje. Watau ke nan ƙwarin da ka samu su ne shaidun halin da ruwanka ke ciki. Waɗansu masana biyu a Jamus suka fara tsara wannan hanya a 1908 da 1909. A Afirka ta Kudu har 'yan makaranta a ke koya wa auna lafiyar kogi ta haka.

Kai ma kana iyawa. Ka sami farin kwano, da rariya ko guntun tsohon gidan sauro, ka sa takalmin roba mai tsawo. Ka tare rariyar a ƙasa da duwatsu, ka motsa su da ƙafa, ruwa ya koro abin da ke ƙarƙashi cikinta. Ka kuma ja ta cikin ciyawar gefe. Ka juye a kwanon da ɗan ruwa, ka jira ya kwanta. Iri nawa ka gani, shi za ka ƙidaya, ba yawan kawuna ba. Iri bakwai ko takwas dabam dabam alama ce mai kyau. Jar tsutsa ɗari ita kaɗai, ruwa ba lafiya. Ka gwada sama da lambunka, ka gwada ƙasa da shi. In sama akwai iri da yawa, ƙasa babu, to, ka san daga inda ɓarnar ta fito. Amma ƙorama da ƙorama a ke gwadawa, tafki da tafki, gama mazaunansu ba ɗaya ba ne.

ABOKAN GABA

Kada a ce na ce duk na cikin ruwa abokai ne. Sauron zazzaɓin cizon sauro ya fi son ɗan ruwa mai samun rana, kamar sawun kofaton shanu da ramukan da aka ɗebi ƙasar gini. Tsutsarsa a kwance ta ke a fuskar ruwa. Ta sauron kwata kuwa rataye ta ke, kai ƙasa.

Wanda ya fi damunmu a fadama shi ne katantanwar ruwa, 'yar ƙarama wadda ba ta fi ƙwayar wake ba. Mai tsargiya in ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwan cutar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin katantanwa. Bayan mako 4 zuwa 6 sai dubban 'yan tsutsotsin da ido ba ya gani su riƙa fitowa, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Wata irin katantanwa kuma ita ke rainon tsutsar hanta, wadda ke mannewa a ciyawar bakin ruwa, shanu da tumaki su ci, su rame, mahauci ya yanka ya tarad da hanta ta lalace.

Wannan ba labarin nesa ba ne. Tun da aka fara aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya a 1975, an gina ƙananan madatsun ƙasa da dama a wannan yanki namu. Sun yi amfani ƙwarai ga mutane da dabbobi. Amma ƙoramar da ke ƙafewa da rani ta kan rage katantanwa, madatsa kuwa tana ba ta wurin haihuwa shekara duka. Likitoci daga Libaful ta Ingila da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi bincike a madatsar Ruwan Sanyi, ƙasar Malumfashi, maƙwabtanmu. A rahotonsu na 1980 sun ce su, da wanka, da iyo, da wasan yara cikin ruwa su suka fi yaɗa tsargiya, kuma kashi 98 cikin 100 na wannan shiga ruwa maza ke yinta. Sun ga kuma an fi shiga bayan rana ta take, daidai lokacin da tsutsotsin suka fi fitowa daga katantanwa.

Sanin halin ƙwaron ruwa shi ya raba mu da kurkunu. Wani ɗan ƙwaro ne da ƙyar ido ke ganinsa ya ke ɗauke da ita a kududdufi, mutum ya sha shi da ruwa. A ƙidayar da aka fara a 1988 an sami fiye da mutum 650,000 da kurkunu a Nijeriya. Da aka dage da tace ruwa da ƙyalle, da hana mai kurkunu shiga tafki, da haƙa rijiyoyi, aka ga na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da ita.

GUBA BA TA ZAƁE

Wani zai ce, tun da akwai abokan gaba, ai gara maganin feshin ya shiga ya kashe su. A nan kuskuren ya ke. Maganin ƙwari ba ya tambayar wane ne aboki. Ya kan kashe masu shara da mafarauta gaba ɗaya, har da kifi. Katantanwa kuwa ba dominta aka yi shi ba, yawanci tana jurewa. Bayan ƙarfin gubar ya wuce, wa zai fara dawowa? Sauro, gama daga ƙwai zuwa fiffike kwana 7 zuwa 10 ya ke yi lokacin zafi. Ɗan mazari kuwa sai ya yi watanni. Kun ga ke nan an kori masu gadi, an bar wa ɓarawo gida. Haka masu zuba Gamalin ko majimfa don kama kifi, sun ci na yau sun kashe na baɗi.

Ku dubi yadda masu sani suka yi. Daga 1974 zuwa 2002 an yi wani babban aiki a ƙasashe 11 na Afirka ta Yamma, har da Nijar, don yaƙi da baƙin ƙudan da ke kawo makantar kogi, wanda tsutsarsa ke mannewa a duwatsun ruwa mai gudu. Da jiragen sama a ke zuba magani a koguna mako mako. Duk da haka sai da aka sa masana na musamman suna ƙidayar kifi da sauran ƙwarin kogunan, don a tabbata maganin bai shafe su ba, kuma a kan auna shi daidai gwargwadon yawan ruwan. A Janairun 2025 aka tabbatar Nijar ta rabu da cutar, ita ce ta farko a Afirka. In masu jirgin sama sun yi wannan taka tsantsan, mai famfon goyo fa?

ABIN DA YA KAMATA A YI

1. Kada a wanke famfon feshi ko a haɗa magani a bakin ruwa. A ɗebo ruwa a bokiti, a yi nisa kamar taku 30 zuwa tudu.

2. Kwalbar magani a ɗauraye ta sau uku, a zuba ruwan cikin famfo a fesa a gona, sa'an nan a huda ta don kada a sake amfani da ita.

3. A bar ciyawa da itatuwan gaɓa, kada a nome har bakin ruwa. Su ke tare ƙasa da taki da magani. Kada a yi feshi ana iska ko hadari ya haɗu.

4. A hana yara fitsari da bayan gida cikin ruwa ko kusa da shi. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai ƙwayar magani mai warkarwa. Ba alamar balaga ba ce, cuta ce.

5. Ruwan wanka daga tafki, in an ajiye shi kwana biyu tsutsar tsargiya ta kan mutu. Na sha kuwa a tafasa.

6. Mai ban ruwa ya sa takalmin roba. A riƙa share ciyawar cikin magudanan lambu, inda katantanwa ke fakewa, a bar su su bushe lokaci lokaci.

7. A shayar da dabbobi a kwami in da hali, a kuma nemi shawarar malamin dabbobi kan maganin tsutsar hanta.

Dattijon nan na 'Yargoje, kafin mu rabu, ya sa ɗansa ya kawo bokiti, suka hau tudu da famfon. Ya ce, "Malam, shekara arba'in ina shan ruwan nan ban taɓa ɗaga dutse na duba ba." To, jama'a, kowa ya ɗaga nasa ya duba, yanzu da farkon rani, ya sake dubawa in bazara ta yi. Wanda ya ga abin da bai gane ba ya tambayi malamin gona na yankinsa, ko ya rubuto wa wannan fili. Allah ya ba mu rani mai albarka, amin.