Darasi: Yadda ake auna amfanin hanyar karkara da ɓarnarta kafin a gina ta

Darasinmu na wannan fitowa kan hanyoyin karkara ne, irin na jar ƙasa da muke ce ma laterit, masu haɗa ƙauyuka da kasuwanni. Babu ɗan kasuwar bisashe da ke ƙin hanya. In ta samu, kamiyo na iya shiga har bakin kara, sa ya huta da tafiyar kwana uku a ƙasa, dusa ta isa ƙauye lokacin da haki ya ƙare, mara lafiya kuma ya kai likita da wuri. Amma hanyar nan ita ce kuma ke iya datse burtali ko ta kashe tabki, kuma in anka gama ta ba a sake ta don kukan wani. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Shi ya sa ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya san binciken da ake yi kafin a soma aiki, ya san kuma inda bakinsa ke da amfani a cikinsa.

1. Mi doka ta ce?

Nan Nijar, tun 1997 anka kafa dokar da ta wajabta binciken tasirin manyan ayyuka bisa muhalli. Babbar dokar muhalli ta 29 ga Disamba 1998 ta ƙara mata ƙarfi, sannan dokar 14 ga Mayu 2018 da kudurin zartar da ita na Janairu 2019 sunka sabunta tsarin. Ofishin da ke duba wannan aiki shi ne BNEE, ƙarƙashin ma'aikatar muhalli. An kasa ayyuka aji huɗu. Ajin A na buƙatar cikakken bincike, ajin B taƙaitacce, ajin C sharuɗɗa kawai ake gindaya mishi, ajin D kuwa babu abin da ake nema. Mai aikin shi ke ɗaukar masu bincike ya biya su. Su zagaya wurin, su saurari jama'a, su rubuta rahoto. In rahoton ya samu karɓuwa, a ba da takardar shaidar cika ƙa'idar muhalli.

A cikin rahoton akwai wani babi da ya fi sauran muhimmanci gare mu, shi ne tsarin kula da muhalli da jama'a, wanda ake taƙaitawa PGES. Nan ake rubuta kowace ɓarna da ake hange, da maganinta, da wanda zai yi maganin, da kuɗinsa. Daga nan ake ɗauko sharuɗɗan da ake sa ma ɗan kwangila. Ku riƙe wannan da kyau: abin da ya shiga takardar, ana iya bin ɗan kwangila bashinsa. Alkawarin baki a gindin icce kuwa, ranar da injuna sunka tashi shi ma ya tashi.

Muna da wata doka kuma a gefenmu. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010, wadda ta biyo bayan kundin dokokin karkara na 1993, ta amince cewa zirga-zirga da bisashe haƙƙi ne na makiyayi, ta kuma sa burtali cikin dukiyar jama'a wadda ba ta zama mallakar mutum ɗaya. Saboda haka mai neman a bar ma shanu mahaya ba roƙo yake ba, haƙƙinsa yake nema.

2. Yadda ake awon ɓarna

Masu bincike na yi ma kowace ɓarna tambaya uku. Ta farko, yaya tsananinta? Ta biyu, har ina ta kai, bakin hanya kawai ko ƙauyuka goma? Ta uku, har yaushe za ta daɗe? Ƙurar da tifa ke tayarwa tana damun mutane ƙwarai, amma da aiki ya ƙare sai ta ragu. Tabkin da anka toshe ma hanyar ruwa kuwa ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, amma garken ƙauyuka da yawa ne zai rasa mashaya har abada. A awo, ta biyun ta fi ta farkon nauyi nesa ba kusa ba, ko da yake ta farkon ce aka fi kuka da ita wurin taro.

Magani shi ma hawa uku ne. Na farko a kauce ma ɓarnar, misali a karkata layin hanya ya bar tabki. In ba ta kautuwa, a rage ta. In ba ta raguwa, sannan a biya diyya. Mu ƴan kasuwa mun saba da saurin tambayar nawa za a biya. A nan wannan ita ce tambayar ƙarshe, don kuɗin diyya kan ƙare cikin shekara, burtalin da ya mutu kuwa ba ya dawowa.

3. Burtali da mahaya

Injiniya na zuwa awon hanya cikin kwanaki kaɗan. In ya zo tsakiyar damina, garkuna na can arewa wajen kwarin Tarka da Gadabeji, bai ga komi ba sai fili. Bai san cewa bayan an saki gonaki, dubban shanu ne ke saukowa ta nan ba, ko kuma kowace jajibirin kasuwa ana koro bisashe ta wannan wuri. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba mishi.

Hanya tana ɓata burtali ta fuska biyu. Wani lokaci ta gicciye shi, da tudun ciko mai tsawo da lambatu mai zurfi hagu da dama. Babban sa na iya tsallakewa, amma maraƙi da saniya mai ciki ba su iyawa, sai garke ya watse ya faɗa gonar mutane. Wani lokaci kuma a ɗora hanyar bisa burtalin kansa, don nan ne babu gonar da za a biya diyya. Wannan ya fi muni, tunda an cinye burtalin ke nan a tsaye. Mun san abin da ƙuncin hanyar bisashe ke haifarwa tsakanin manomi da makiyayi. Rikicin Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, ya ci rayuka sama da 100 a watan Oktoba na 1991.

Abin nema a nan: a sassauta gangaren ciko a duk inda burtali ya ratsa, a rufe lambatu ko a shimfiɗe shi, faɗin mahaya ya yi daidai da faɗin burtali, a kafa allunan gargaɗi da tudun hana gudu gaba da baya. In hanya ta bi cikin burtali, a ware wani fili a gefe, hukumar filaye da muke ce ma Kofo ta shata shi da turakun siminti, a rubuta.

4. Ruwa

Hanya kamar madatsa take. Ruwan da a da yake malala a faɗi yana shiga fadama, yanzu sai ya taru a gefe ɗaya. In kwalbati ya yi kaɗan, gefen sama ya cika ya ci gonaki, gefen ƙasa ya bushe. In kuma an tara ruwan duka ya fita ta baki ɗaya da ƙarfi, a ƙasar rairayi irin tamu damina biyu ta isa ya haƙa kwazazzabo, yashin da ya kwaso kuma ya tafi ya cike tabki. Don haka a nuna ma masu bincike kowace korama da ke ciyar da tabki, ko da ta bushe ranar da sunka zo. A nemi a jera duwatsu a bakin fitar ruwa don karya ƙarfinsa.

Sai ruwan aikin kansa. Ba a daddale laterit sai an jiƙa ta, kuma da rani ake aikin. Mu yi lissafi. In saniya na shan lita 25 a yini, tanka ɗaya mai lita dubu 10 ta ɗauke ruwan shanu 400 ke nan. In tanka goma ta ɗiba a yini, ruwan shanu dubu 4 ya tafi. Tabkin da ya saba kai mu watan Maris sai ya ƙafe tun Janairu. Magani shi ne ɗan kwangila ya haƙa nasa fanfon burtsatse, a rubuta kuma cewa in aiki ya ƙare za a bar ma jama'a shi, da kwamin shayar da bisashe.

5. Ramukan ɗibar ƙasa

Ga wani lissafin. A ce faɗin hanya mita 6, kaurin laterit santimita 20. Kilomita ɗaya na cin mita kubik 1200. In tifa na ɗaukar kubik 10, sawu 120 ke nan. Hanya mai kilomita 40 na son sawu 4800, ban da ciko. Duk wannan ƙasa daga wani wuri za a haƙo ta, kuma galibi daga tudun da ba a nomawa, wato makiyaya.

Ramin da anka bari da bango a tsaye tarko ne ga yara da bisashe. Ruwan da ya kwanta ciki yana tara sauro da tsutsar ciki. Amma in anka gyara shi, kududdufin nan na iya zama mashaya ta wata biyu ko uku bayan damina. Sai a zaɓa tun farko: ko a cike shi a mayar da ƙasar sama da anka kankare don haki ya tsiro, ko a mai da shi mashaya mai gangare a kwance. In mashaya ce, a tabbata akwai hanyar zuwa gare ta wadda ba ta ratsa gona ba, in ba haka ba an gina faɗa ne.

Wani abu da injiniya ba zai gani a taswira ba shi ne wurin da anka taɓa binne mushen ciwon saifa. Ƙwayar wannan cuta na zama cikin ƙasa shekaru gommai da ranta. In katafila ta tone wurin ta baza ƙasar, cutar na iya tashi. Tsofaffin makiyaya sun san irin waɗannan wurare da ba a kai garke. A nuna su, a kuma shaida ma likitan bisashe.

6. Itatuwa da sansanin ma'aikata

In an share fili mai faɗin mita 15, kowane kilomita hekta ɗaya da rabi ne, kilomita 40 hekta 60. Ba yawan itatuwan kawai za a ƙidaya ba, a duba irinsu. Gawo na fitar da ganye da rani lokacin da sauran sunka kaɗe, ƴaƴansa kuma abincin ƙiba ne. Aduwa da kalgo da goriba duk suna tsare bisashe a ƙarshen rani. Babban gawo ɗaya ba daidai yake da dashe biyar da awaki za su cinye cikin mako ba. A tambaya: wane iri za a dasa, wa zai yi shinge, wa zai ba da ruwa, har tsawon wane lokaci? A ƙidaya waɗanda sunka rayu bayan rani biyu, wannan shi ne lissafin gaskiya.

Sansanin ma'aikata kuma kar a kafa shi bakin tabki ko rijiya. Baƙin mai na gurɓata ruwa. Tsohon batir na da dalma, shanu na son lasarsa, kuma yana kisa. Leda kuwa duk mahauci ya san yadda take cika tumbi.

7. Abin da ke biyo bayan hanya

Wannan shi ne sashen da aka fi mantawa, alhali shi ya fi daɗewa. Hanya na jawo sabbin gidaje da gonaki a bakinta. Filin kiwon da nisa ya tsare shi, yanzu ya yi daraja. Motocin icce na shiga dajin da a da ba su kaiwa. Masu kwasar haki na zuwa da amalanke da mota su share makiyaya tun kaka, duk da dokar 2010 ta sa ƙa'ida kan wannan. Ɓarawon shanu ma ya samu hanyar gudu. Maganin mafi yawan wannan abu ɗaya ne: a shata makiyaya da burtali a rubuta su wurin Kofo kafin hanya ta iso, lokacin da filin bai yi tsada ba.

8. Aikinmu

Da zarar kun ga masu awo suna kafa turaku, ku je wurin mai gari da ma'aikatar ƙaramar hukuma da ofishin kiwo ku tambayi ranar taron sauraren jama'a. In ta faɗo ranar kasuwa, ku nemi a sauya. Ku tafi da ardo ko rugga, da masu koro bisashe, don su sunka san hanya taki-taki. In makiyaya na arewa lokacin, ku faɗi haka a rubuta, a nemi wakilansu.

Ku zana taswira ko da bisa takardar ɗan lakwal ce: burtali, tabkuna, rijiyoyi, wurin kwanan garke, kara, da watannin da ake amfani da kowane. Ku miƙa buƙatunku a rubuce da sunan ƙungiya, ku ajiye kwafi. A ƙarshen taro ku nemi a karanta abin da anka rubuta, a fassara shi da Hausa da Fulatanci kafin kowa ya sa hannu. Masu rumfa ko turke a bakin hanya su tabbata sun shiga ƙidaya, don akwai ranar rufewa wadda bayanta ba a ƙara suna. In aiki ya soma, ku san inda littafin koke yake, ku kai kuka tun injuna na wurin. Kafin a karɓi hanya daga hannun ɗan kwangila kuma, wakilanmu su zagaya ramuka da mahaya da sansani su gani da ido.

Kowane reshe ya ɗauki wannan darasi a taronsa na gaba, ya zauna ya lissafa burtali da mashayar da ke kai bisashe kasuwarsa, ya duba waɗanne anka shata, waɗanne ba a shata ba. Allah shi ba mu hanya mai albarka, shi tsare dukiyarmu.