Zangon Koyon Shugabanci

Wanda ya tashi daga Funtuwa ya nufi Malumfashi, ya bi ta Bakori, zai yi ta ganin gonaki dama da hagun, ga masara, ga dawa, ga auduga. Amma ba dukan mutanen ƙasar ne ke zaune a bakin titi ba. In aka ratse, aka bi 'yar turba tafiyar sa'a ɗaya ko biyu, sai a tarar da rugagen Fulani, da manyan gidajen Maguzawa a tsakiyar gonakinsu, da ƙananan unguwannin manoma. Da damina rafi ya kan cika, ya raba yaran waɗannan wurare da makaranta kwana da kwanaki.

Yaron ruga tun yana ɗan shekara goma ya kan kora garke shi kaɗai. Ya san inda ruwa ya ke da rani, ya san ciyawar da ke kumbura cikin saniya, in ya dubi hadari ya san ko zai zuba ko zai wuce. Yarinyar ƙauye kuwa ta iya hura wuta da ɗanyen icce, ta iya renon ƙannenta. Amma ran da aka kawo su makarantar gari, sai su yi tsit. Wani ya yi musu dariya don karin harshensu, wani ya kira su bagidaje. Da yawa su kan gudu gida, ba su komowa. Bayan shekaru, in unguwarsu ta bukaci rijiya, ko aka cinye burtalin shanu da noma, sai a rasa wanda zai tsaya gaban hakimi ya yi magana da yawunsu. Wannan hasara ce babba, ba kuwa ta unguwar kaɗai ba.

Tun da can Hausawa suna da hanyarsu ta koya wa yara riƙon jama'a. A ƙauye samari su kan naɗa Sarkin Samari. In za a yi gayya a gonar wani dattijo, shi ke sanar da rana, shi ke raba kuyya, shi ke tsawata wa mai ha'inci, makaɗa na bin su da gangar noma. Da kaka kuma, a wasan kalankuwa, a waɗansu garuruwa a kan naɗa sarki da alƙali da 'yan doka duk a cikin samari, su yi ta shari'a suna cin tara. Wasa ne, amma manya suna gefe suna lura, suna gane wa ke da adalci, wa ke da son kai. Haka nan a makarantar allo, gardi ne ke biya wa ƙolo karatu, malam na duban su duka biyu.

Turawa ma sun yi irin wannan tunani. A cikin watan Agusta na 1907 wani hafsan sojan Ingila, sunansa Baden-Powell, ya tara yara wajen 20 a wani tsibiri da a ke kira Brownsea. Waɗansu 'ya'yan masu hali ne, waɗansu 'ya'yan talakawa. Ya raba su rukuni huɗu, ya sa yaro guda ya shugabanci kowane rukuni, suka yi kamar mako guda suna kwana a tanti, suna koyon bin sawu da ceton wanda ya yi haɗari. Daga wannan zango ne ƙungiyar 'yan Sikawut ta samo asali, ta kuwa iso Nijeriya a 1915.

A 1951 wani Bature kuma, Alec Dickson, ya buɗe makarantar horon samari a bakin teku, a wani wuri da a ke kira Man O' War Bay, kusa da garin Victoria, wanda yanzu a ke ce wa Limbe a ƙasar Kamaru. Samari suka zo daga Arewa da Gabas da Yamma. Akwai waɗanda ba su taɓa ganin teku ba, sai ga su ana koya musu iyo. Su kan hau Dutsen Kamaru, wanda tsawonsa ya haura mita 4,000, sa'an nan su shiga ƙauyuka su yi aikin gayya tare da mutane. Da Kudancin Kamaru ya rabu da Nijeriya a 1961, aka mai da makarantar Kurra Falls a ƙasar Filato, daga baya kuma ta koma duwatsun Shere kusa da Jos. Sunan nan na Man O' War da ku ke gani a rigunan waɗansu samari, daga can ya fito.

To, yaya a ke tafiyar da irin wannan zango? Da farko a kan gauraya yaran, kada 'yan gari su ware gefe guda, 'yan ƙauye gefe guda. Kowane rukuni yara shida ne ko takwas. Yau wannan ne shugaba, gobe wancan. Shugaban ranar shi zai tashe su da asuba, ya raba aiki: wa zai ɗebo ruwa, wa zai yi itace, wa zai wanke tukunya. In tuwo ya yi gauda, shi za a tambaya. In aka raba abinci, shi ne na ƙarshen ci.

A nan ne abin mamaki ya kan faru. Ɗan gari mai bakin magana sai ya kāsa hura wuta, hayaƙi ya cika masa ido. Ɗan ruga da ba a jin muryarsa a aji ya durƙusa, ya gyara itacen, nan da nan wuta ta kama. In an fita yawon daji aka ɓata hanya, shi za a bi. Kafin kwana uku an daina yi masa dariya. Saura abin da ya fi masa wuya, watau ya miƙe da dare a bakin wuta, ya ba da labarin aikin rukuninsa a gaban mutanen da bai sani ba. Daren farko muryarsa ta kan yi rawa, ya faɗi kalma biyar ya zauna. Malamin kirki ba ya karɓe masa maganar, sai ya bar shi ya sāke gwadawa gobe.

Amma zango mako guda ne, shekara kuwa mako 52 ce. Yaro ya kan koma gida da zafinsa, in babu mai hura masa sai ya huce. Saboda haka a ke haɗa kowane yaro da jagora, ko malami, ko wani yayansa da ya yi gaba a karatu. Aikin jagora ba wa'azi ba ne. Ya tambaye shi karatu ran kasuwa, ya je ya gai da mahaifinsa in ya ji za a cire shi daga makaranta, ya nuna masa yadda a ke rubuta takarda zuwa ofis. Jagoran da ya fito daga irin unguwar yaron ya fi shiga rai, domin uba ya fi yarda da wanda ya san wahalar kiwo. Gwamnati ta kafa Hukumar Ilimin 'Ya'yan Makiyaya a 1989, hedkwatarta tana Kaduna, don makaranta ta kai ga rugage. Amma hukuma aji ta ke ginawa, jagora sai daga cikin jama'a.

Akwai wata matsala kuma. A cikin watan Disamba na 2020 'yan bindiga suka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi, aka sako su bayan kamar mako guda. Uban da ya ƙi barin ɗansa ya kwana a daji bayan wannan, ba a ga laifinsa ba. Sai dai zango ba dole sai a daji ba. Ana iya yinsa a filin makaranta a tsakiyar gari lokacin hutu, da sanin hakimi da iyaye, a kafa murhu a gindin darbejiya, a raba rukuni, a naɗa shugaban ranar farko.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin Sarkin Samari ran gayya?
2. Don me aka tashi makarantar Man O' War daga bakin teku?
3. Me ya sa shugaban rukuni ke zama na ƙarshen cin abinci?
4. Ku tambayi wani dattijo a unguwarku yadda a ke naɗa Sarkin Samari a zamaninsa, ku rubuta abin da ya gaya muku.