Ciwon Raunin Tayirod Da Yadda Ake Shan Maganinsa

A gaban wuyan kowane mutum, ƙarƙashin zakaran wuya, akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi. Likitoci suna kiranta tayirod. Aikinta shi ne ta riƙa zuba wani ruwa cikin jini, wanda shi ne ke sa jiki ya ƙone abinci ya sami ɗumi da kuzari. In ta kumbura, shi ne abin da muke kira maƙoƙo. Amma tana iya yin rauni ba tare da ta kumbura ba, kuma wannan shi ne jama'a suka fi kasa ganewa.

Mai wannan ciwo za ka gan shi kullum a gajiye. Yana jin sanyi lokacin da kowa ke gumi. Fatarsa ta bushe, gashi ya riƙa zuba, bayan gida ya yi tauri, murya ta dushe, fuska ta kumbura. Mace kuwa al'adarta ta rikice, ko ta daɗe ba ta sami ciki ba. Ya fi kama mata. Sau da yawa a gida sai a ce ragwanci ne, alhali kuwa ciwo ne mai magani.

Da can rashin aidin cikin abinci shi ne babban dalili. Tun 1993 gwamnatin Nijeriya ta wajabta a sa aidin cikin gishirin da ake sayarwa, don haka ku sayi gishirin leda, ku ajiye shi a rufe. Amma gishiri ba ya warkar da wanda tayirod ɗinsa ta riga ta gaza. Ba a kuma gane ciwon da duban ido. Sai an yi awon jini da ake kira TSH, kamar a Asibitin Malam Aminu Kano.

Maganin 'yar ƙwaya ce guda ɗaya kowace rana. A jikin kwalinta an rubuta Levothyroxine. Yawancin masu sha, har iyakar rayuwarsu ne. To, ga inda ake yawan kuskure. Wannan ƙwaya ba ta son abokin tafiya. Lalle a sha ta da ruwa zalla, ciki ba kome, sa'an nan a dakata rabin awa ko awa ɗaya kafin a karya kumallo. Wanda ya haɗiye ta da koko, ko shayi mai madara, ko kofi, ya yi asarar wani sashe nata. Awara da madarar waken suya ma suna tare ta.

Waɗanda suka fi ɓarna su ne maganin ƙarin jini, da kalshiyam na ƙarfin ƙashi, da farin ruwan nan na olsa. Su kan kama ta tun cikin hanji su hana ta shiga jini. A sa awa 4 tsakaninsu. Watau in an sha ta da asuba, waɗancan sai bayan azahar. Mai ciki ta lura ƙwarai, domin ita ce ake ba maganin ƙarin jini a wurin awo, kuma ita ce bukatarta ta ƙwayar ke ƙaruwa. Da zarar ta san tana da ciki ta je wurin likita, kada ta daina sha, domin ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta tana dogara da shi. Mai shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya ko na ciwon suga, shi ma ya faɗa wa likita, kada ya ɓoye.

Mutanenmu na Hotoro da ke aikin dare a masana'antun Bompai da Sharada da Challawa sukan tambaya, yaya za su yi? Ba asubar ce dole ba. Ka zaɓi lokaci ɗaya da cikinka ke wofi, ka riƙe shi. Ana iya sha da za a kwanta, in an yi awa 3 da cin abinci. Da azumi kuma, a tashi da wuri a sha kafin sahur. Kada a bar kwalin cikin aljihu ko kusa da murhu, zafi yana kashe ƙarfinsa.

Sai batun ƙiba. Gaskiya ne ciwon yana ƙara nauyi, amma galibi kilo 2 zuwa 5 ne, kuma yawancinsa ruwa ne da jiki ya riƙe. Abin da ya wuce haka, a ganina, a nemi dalilinsa cikin kwanon tuwo da lemon kwalba da yawan zama. Wasu sukan ninka ƙwayar don su rame. Wannan ganganci ne. Yana sa zuciya ta riƙa bugawa da sauri ba bisa ƙa'ida ba, hannu ya riƙa rawa, barci ya ƙaura, ƙashi ya yi rauni. Tsoho ko mai ciwon zuciya yana iya rasa ransa, shi ya sa likita ke fara musu da kaɗan. Shayin rage ƙiba da ake talla a tasha kuwa, ba wanda ya san abin da ke cikinsa.

Maganin ba ya aiki dare ɗaya. Bayan mako 6 zuwa 8 a koma a sake awon jini, likita ya ƙara ko ya rage. In ya daidaita, sau ɗaya a shekara ya isa. Ranar zuwa asibiti a taho da dukkan kwalayen maganin da ake sha, har da na gargajiya.