Kafin a rushe zauren, ɗauki hotonsa

A ƙarshen shekarar 1930 wani matuƙin jirgi ɗan ƙasar Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya ɗauki hotunan birnin Kano daga sama, har yau ana duba su don a ga yadda badala da unguwanni suke a da. Tsohon masallacin Juma'a na Kano mai hasumiyar ƙasa kuwa, tun da aka sake gina shi wajajen 1950, a hoto kaɗai ya rage. Birni bai taɓa rasa masu ɗaukarsa ba. Amma tsohon zaure ko masallacin ƙasa a Dugabau, ko wani ƙauye na Kabo da Gwarzo, in ɗan gari bai ɗauka ba, bulo da kwano za su cinye shi ba labari.

Wayar hannunka ta isa. Fara da sallama wurin mai gida, in masallaci ne ka nemi liman ko mai unguwa, kuma kada ka cilla kyamara cikin gida.

Lokaci shi ne rabin aikin. Rana tsaka tana shafe fuskar bango, zanen magina ya ɓace. Je da hantsi ko bayan la'asar, sa'ad da haske ke bugowa daga gefe: nan za ka ga sawun yatsun mai yaɓe da kowane tudu na zanen ƙofa sun fito da inuwarsu. Ranar da hazo ya yi kauri, haƙura.

Ja da baya sosai, ka riƙe wayar a miƙe daidai ƙirji. Da ka ɗaga bakinta sama don zanko ya shigo, sai ginin ya fito kamar zai kife. Tsayar da yaro a bakin ƙofa domin a gane tsayi. Daga nan matso: indararo, kan azara, inda yaɓe ya zube tubali ya bayyana. A ciki, ɗauki bakan gizo daga kusurwa, kada ka kunna fitilar waya.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne rubutu. Tambayi dattawa sunan maginin da zamanin wane dagaci aka yi ginin, ka wanke hoton, ka rubuta a bayansa tare da ranar ɗauka. Ka gama duk wannan kafin ruwan Agusta.