Ɗakin Ibada a Matsayin Masauki: Nazarin Aikin Ƙungiyar Family Promise ga Iyalai Marasa Muhalli a Biranen Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci aikin ƙungiyar Family Promise, wadda ta tsiro a jihar New Jersey ta Amurka a shekarar 1986, kuma take amfani da majami'u da masallatai da wuraren ibadar Yahudawa wajen saukar da iyalan da suka rasa muhalli. Manufar nazarin ita ce tantance abin da irin wannan ƙungiya ta addini take iya yi da kuma inda ƙarfinta yake tsayawa. An dogara ga tarihin ƙungiyar da alƙaluman hukumomin Amurka, sannan aka auna tsarinta da sakamakon wani babban bincike da gwamnatin ƙasar ta gudanar. An gano cewa ƙungiyar ta yi fice wajen hana iyali wargajewa a lokacin ƙunci, amma zama mai ɗorewa yana rataye ne a kan samun gidan haya daidai ƙarfin talaka.

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci marar muhalli a biranen Amurka, hoton da yake fara zuwa a zuciya shi ne na mutum guda kwance a bakin titi da ƙunshin kayansa. Akwai wani rukuni da ido bai cika kai wa gare shi ba, wato iyaye da 'ya'yansu. Su waɗannan sukan kwana a cikin mota, ko a ɗakin otal mai araha, ko su raɓe a falon wani ɗan'uwa har ranar da zai gaji da su. Sukan ɓoye halin da suke ciki saboda kunya, da kuma tsoron kada hukuma ta karɓe musu 'ya'ya. Wannan rukuni ne ƙungiyar Family Promise, wato Alƙawarin Iyali, ta keɓe wa aikinta. Tambayar da maƙalar take son amsawa ita ce: wane gurbi ne jama'ar wurin ibada suke cikewa a rayuwar iyalin da aka kora daga gida, kuma wane gurbi ne ya fi ƙarfinsu?

2.0 Girman Matsalar

Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane ta Amurka takan ƙirga marasa muhalli a dare guda cikin watan Janairu. Ƙidayar shekarar 2024 ta nuna mutum 771,480, ƙarin kashi 18 cikin 100 a kan shekarar da ta gabata. Daga cikinsu, kusan 260,000 suna cikin iyalai masu yara, kuma wannan rukuni ne ya fi kowane ƙaruwa, da kashi 39 cikin 100. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 sun kusa kai 150,000 a wannan dare.

Sai dai ƙidayar ta taƙaita ga waɗanda suke a masaukin gaggawa ko gidan wucin-gadi ko a waje, ba ta haɗa da masu raɓe a gidajen dangi ba. Makarantu kuwa suna amfani da ma'ana mai faɗi a ƙarƙashin dokar McKinney-Vento, wadda asalinta aka kafa a 1987. Bisa wannan ma'ana, ɗalibai sama da miliyan 1.3 aka tantance ba su da tsayayyen muhalli a shekarar karatu ta 2022/2023, kuma mafi yawansu raɓe suke a gidan wani. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu ita ce take nuna yadda matsalar iyali take a lulluɓe.

3.0 Musabbabin Matsalar

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Babban abin da yake fitar da iyali daga gida a Amurka shi ne kuɗin haya da ya tsere wa albashi. Mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 a kowace sa'a tun shekarar 2009, duk da cewa jihohi da dama, har da New Jersey, sun ɗaga nasu. A ɗaya ɓangaren, lissafin gamayyar ƙungiyoyin da ke fafutukar gidajen masu ƙaramin ƙarfi ya nuna cewa a 2024 ma'aikaci yana buƙatar dala 32.11 a sa'a kafin ya iya biyan hayar matsakaicin gida mai ɗakin kwana biyu ba tare da hayar ta cinye fiye da kashi 30 cikin 100 na samunsa ba. Wannan ya ninka albashin tarayya fiye da sau huɗu. Tallafin haya na gwamnati kuma ba ya isa ga kowa, domin kimanin gida ɗaya ne cikin huɗu na waɗanda suka cancanta yake samu.

Iyalin da yake cikin wannan hali, ƙaramar tangarɗa takan kayar da shi: jinya, ko lalacewar motar zuwa aiki, ko mutuwar aure, ko gudun mace daga mijin da yake dukanta. Masanin zamantakewa Matthew Desmond, a littafinsa Evicted na 2016 wanda ya gina a kan binciken da ya yi a birnin Milwaukee, ya nuna cewa korar ɗan haya takan haifar da sabon talauci a kan wanda ya jawo ta. Wanda aka kora yakan rasa kayansa, sau da yawa ya rasa aikinsa, sannan sunansa ya shiga kundin kotu, masu gidaje su riƙa gudunsa.

4.0 Tarihin Kafuwar Ƙungiyar

A farkon shekarun 1980, Karen Olson, wadda take aikin tallata haja a wani kamfani, ta fara raba abinci ga masu kwana a titi a birnin New York tare da 'ya'yanta biyu. Daga baya ta fahimci cewa a gundumarsu ta Union, cikin New Jersey, wadda birnin Elizabeth yake hedikwatarta, akwai ɗaruruwan marasa muhalli, har da iyalai masu ƙananan yara. Da farko ita da shugabannin addini na yankin sun nemi samun gini guda da za a mayar masauki, amma tsadar gini da sharuɗɗan hukuma suka tare hanya. Daga nan tunani ya koma ga abin da yake hannu. Wuraren ibada suna da azuzuwa da zauruka da ɗakunan girki waɗanda suke a rufe mafi yawan darare, kuma suna da jama'a masu neman lada.

A ranar 27 ga Oktoba 1986 aka buɗe tsarin da sunan Interfaith Hospitality Network, ma'ana haɗakar addinai don karɓar baƙi. Wuraren ibada 11 suka amince su riƙa saukar da iyalai, ƙungiyar YMCA ta ba da wurin wanka da ɗakin wuni, wani dillalin motoci kuma ya sassauta farashin ƙaramar bas ta jigila. A 1988 tsarin ya zama na ƙasa baki ɗaya, a 1992 ya sami lambar yabo daga Shugaba George H. W. Bush, sannan a 2003 aka sauya masa suna zuwa Family Promise. A yau hedikwatarsa tana garin Summit na New Jersey, yana da rassa kimanin 200 a jihohi sama da 40.

5.0 Tsarin Karɓa-karɓa

Ginshiƙin aikin shi ne karɓa-karɓa, bisa hikimar nan ta hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Reshe yakan haɗa wuraren ibada 10 zuwa 13. Kowanne yana saukar da baƙi na mako guda, kamar sau huɗu a shekara. Idan sun kai 13, makonni 52 na shekara sun cika daidai. Ba a cika wuce mutum 14 a lokaci guda ba, wato iyali uku zuwa biyar. Ana shimfiɗa gadaje masu naɗewa a azuzuwa, kowane iyali da nasa keɓaɓɓen wuri. 'Yan sa-kai suna dafa abincin dare, su ci tare da baƙin, su taya yara aikin makaranta, wasu kuma su kwana a wurin. Da sassafe bas takan kai iyalan cibiyar wuni, inda ake wanka da wanki, yara su wuce makaranta, manya su tafi aiki ko neman aiki. A cibiyar akwai ƙwararren jami'in walwala da yake zama da kowane iyali don tsara kashe kuɗi da neman gida. Adireshin cibiyar ma taimako ne, domin mai neman aiki ba ya rasa inda za a aiko masa da amsa.

Abubuwa uku suka bambanta wannan tsari. Na farko, yana da araha, tunda ba a gina komai ba. Na biyu, yana riƙe iyali a dunƙule. A da, masaukai da yawa sukan ƙi karɓar uba ko yaro namiji da ya fara tasawa, sai uwa ta zaɓi tsakanin samun makwanci da rabuwa da ɗanta. Sai a 2009 dokar tarayya ta hana masaukan da suke cin tallafinta ƙin karɓar iyali saboda shekarun yaro. Na uku, yana zaunar da mai wadata da marar muhalli a kan tabarma guda, abin da yakan sauya kallon da ake yi wa talaka, kuma ta nan wani yakan ji labarin aiki ko na gidan haya.

6.0 Tushen Addini

Kalmar da ƙungiyar take kiran waɗanda take saukarwa da ita ita ce baƙi. Zaɓen kalmar yana da tushe a addinan uku. Ƙissar Annabi Ibrahim (A.S.) da baƙinsa ta zo a Suratu Hud da Suratuz Zariyat, ta kuma zo a babi na 18 na Littafin Farawa, wanda Yahudawa da Kiristoci suka yi tarayya a kansa. A tarihin Musulunci ma, Ahlus Suffa matalauta ne da aka ba masauki a masallacin Madina. Bahaushe ya dunƙule wannan tarbiyya da cewa baƙonka annabinka. Baƙo yana da haƙƙi da daraja, kuma ana sa ran zai tashi ya kama gabansa.

Ƙa'idar ƙungiyar ita ce ba a yi wa baƙo wa'azi, ba a kuma gindaya masa sharaɗin shiga ibada. Imani shi ne yake tunkuɗo mai hidima, amma ba a mayar da shi farashin makwanci ba. Wannan ƙa'ida ce ta ba mabiya addinai mabambanta damar yin aiki tare, ta kuma kare mutuncin wanda yunwa za ta iya sa ya amsa abin da bai yarda da shi ba.

7.0 Inda Ƙarfin Tsarin Ya Tsaya

Kayan aro ba ya rufe katara. Iyalin da yake tattara kaya kowane mako zuwa sabon wuri bai sami natsuwa ba tukuna, musamman ƙananan yara. Adadin mutum 14 kuma ɗigo ne a birnin da ɗaruruwan iyalai suke jira. Haka nan, da yake 'yan sa-kai ba ƙwararru ba ne, rassa sukan tace waɗanda za su karɓa, su tura masu fama da shaye-shaye ko tsananin taɓin hankali zuwa wasu wurare. Don haka, duk wani alƙalamin nasara na irin wannan tsari sai an karanta shi da sanin cewa mafi wuyar lamurra ba sa cikin lissafin. Annobar korona ta 2020 ta ƙara fito da rauninsa: da aka rufe wuraren ibada, rassa da yawa suka koma saukar da iyalai a otal ko a tsayayyen gida guda.

Hujja mafi ƙarfi ta fito daga binciken da Ma'aikatar Gidaje ta ɗauki nauyi a kan iyalai 2,282 a yankuna 12, waɗanda aka shigar tsakanin 2010 da 2012. An raba su ta hanyar ƙuri'a zuwa rukuni huɗu: masu tallafin haya na dindindin, masu tallafin ɗan lokaci, masu gidan wucin-gadi haɗe da horo, da waɗanda aka bari da hidimar da aka saba. Bayan shekara uku, rahoton 2016 ya nuna cewa tallafin dindindin ya rage komawa rashin muhalli da fiye da rabi. Ya kuma rage yunwa da damuwar iyaye da cin zarafi tsakanin ma'aurata da sauya wa yara makaranta, ko da yake an ga ɗan raguwar fita aiki. Kuɗin riƙe iyali a masaukin gaggawa na wata guda kuwa ya ninka na tallafin haya kusan sau huɗu. Binciken bai auna Family Promise a karan kanta ba, amma darasinsa ya shafe ta: abin da iyali ya fi buƙata shi ne makullin ɗakinsa.

Ƙungiyar ta fahimci haka, shi ya sa ta faɗaɗa aikinta zuwa rigakafi. Rassa da dama suna biyan bashin haya kafin a kai ga kora, suna sasanta mai gida da ɗan haya, suna biyan kuɗin ajiya na kama sabon gida, sannan su ci gaba da bibiyar iyali bayan ya tare.

8.0 Sakamakon Nazari

Nazarin ya gano abubuwa uku. Na ɗaya, dukiyar da wurin ibada ya fi kowa mallaka ita ce fili da jama'a da amana, kuma ana iya sarrafa su ba tare da babban jari ba. Na biyu, rabon nauyi da tsayayyar ƙa'ida su ne suka sa aikin ya ɗore kusan shekara 40, inda tausayi shi kaɗai da tuni ya gaji. Na uku, masauki yana magance daren yau ne, alhali tsadar haya da ƙarancin albashi al'amura ne na doka da kasafin kuɗi, waɗanda sadaka ba ta iya maye gurbinsu.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bibiyi girman rashin muhalli na iyali a Amurka, da musabbabinsa, da yadda Family Promise ta mayar da ɗakunan ibada masauki. An ga cewa tsarin gada ne da yake tsallakar da iyali a dunƙule daga ranar kora zuwa ranar tarewa, kuma amfanin gada yana ga samun tudu a ɗaya gaɓar. Saboda haka ake ba da shawarar cewa ƙungiyoyin addini masu irin wannan aiki su fifita hana kora a kan gyara bayan kora, su riƙa auna nasararsu da yawan iyalan da suke nan a gidajensu bayan shekara guda ko biyu, sannan su yi amfani da muryar jama'arsu wajen matsa wa hukuma ta faɗaɗa tallafin haya da gina gidaje masu sauƙi.